Waɗanda aka buɗe wa ƙirji: abin da aka gaya muku kafin tiyata, shi kuka tarar?

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 43, malamin makaranta ne ni. An sa mini rana nan da mako uku, za a canza mini bawul ɗin zuciya na ɓangaren hagu, wanda likitoci ke kira mitral. Sun ce ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi maganinsa ba ya cinye shi a hankali.

Jiya aka zaunar da ni da ƙanena. Wata nas ta yi mana bayani na kamar minti ashirin, ta ba ni takarda mai shafi huɗu da Turanci, da wata 'yar roba mai ƙwallaye uku da zan riƙa zuƙa. Ta ce za a tsaga ƙashin ƙirji a ɗaure shi da waya, zan farka da bututu a baki, kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, wato ICU, bayan kamar mako guda a sallame ni, mako shida zuwa takwas ƙashi ya haɗe. Ta jero shi sumul sai ka ce mai karanta jadawalin jarrabawa. Ban yi tambaya ko ɗaya ba. Sai da na shiga keke za mu gida tambayoyin suka taso mini.

Don Allah wanda aka yi wa, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya gaya mini tsakani da Allah: bayanin nan ya yi daidai da abin da kuka gani? Me aka manta ba a faɗa muku ba?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a yi a sa'a, Malam. Ni an yi mini a 2019, irin naka sak. Duk abin da nas ɗin nan ta faɗa gaskiya ne, amma gani ya kori ji.

An ce mini zan farka da bututu, na ce to. Ba a ce mini zan buɗe baki in yi magana murya ta ƙi fita ba, kuma hannuwana an ɗan ɗaure su a gefen gado don kada in fizge shi cikin magagi. Wallahi na ɗauka shanyewar jiki ce ta same ni. Ina ta salati a zuci, hawaye na gangarowa yana shiga kunnena. Da wani ya gaya mini cewa bututun ta inda murya ke fitowa yake bi, kuma da an zare shi magana za ta dawo, da ban firgita haka ba. Awoyi kaɗan ne fa ya yi bayan na farka, amma a wurina kamar kwana.

Sai ƙishirwa. Ban taɓa jin irinta ba, ko a azumin bazara. Auduga kawai nas take jiƙawa ta shafa mini a leɓe.

Baffa_Direba:
Ni ba bawul ba ne, jijiyoyin zuciya ne suka toshe, aka yi mini wanda suke kira baifas, a Indiya. Duk hankalina yana kan ƙirji. Ashe ƙafa ce za ta gasa ni. Daga ƙafar hagu suka zaro jijiyar da suka yi faci da ita, ɗinki tun daga idon sawu har kusa da gwiwa. Ta kumbura ta yi wata uku takalmi ba ya shiga sai silifas. Wataƙila likitan ya faɗa, amma tafintan da aka haɗa ni da shi, likita zai yi magana mai tsawo shi kuma ya ce mini, "Ya ce babu damuwa, Alhaji."

Ɗana, ka ji shawarata ɗaya: atishawa ita ce abokiyar gabarka. Kada ka rabu da ƙaramin filo. Da ka ji tana tahowa ka rungume shi a ƙirji da hannu biyu. Ranar da ta fara kufce mini babu filo, na ɗauka wayar ta tsinke.

Dan_Sabongari:
Ni dai a ganina duk wannan tsorata bawan Allah ne kawai. Ka yi tawakkali ka shiga. Mahaifinmu ba mu gaya masa komai ba, cewa muka yi ƙaramin aiki ne, kuma ya tashi lafiya.

Maman_Ilham:
@Dan_Sabongari, ka taɓa tambayar Baba yadda ya ji da ya farka ya ga robobi suna fitowa daga ƙasan ƙirjinsa da jini a ciki, bayan an ce masa ƙaramin aiki ne? Tawakkali bai hana tambaya ba. Mutumin nan da bakinsa ya ce a gaya masa.

Dan_Sabongari:
Hajiya, tsoho ne mai shekara 70 da hawan jini. Da mun gaya masa za a tsayar da zuciyarsa a jona shi da inji, wallahi da ba zai sa hannu ba, da yanzu wani labarin ake. Kowa ya san halin nasa.

Nas_Binta:
Bari in sa baki, tunda mu ake zargi a fakaice. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin kulawa ta musamman. Abubuwa da yawa da mutane ke cewa ba a gaya musu ba, an faɗa. Amma wanda aka ce masa za a tsaga ƙirjinsa, daga wannan kalmar kunnensa ya toshe. Za ka ga yana gyaɗa kai yana cewa "to, to", tunaninsa yana kan 'ya'yansa da kuɗin da bai gama haɗawa ba.

Namu laifin kuma ba zan ɓoye ba. Bayanin sau ɗaya muke yi, a gaggauce, galibi daf da aikin, takardar kuma da Turanci. Sau nawa nake ganin mace ce za a yi wa aiki amma likita da mijinta ko wanta yake magana, ita tana gefe ta sunkuyar da kai. Irin na @Dan_Sabongari ma muna gani kullum, 'yan'uwa su ja ka gefe su ce don Allah kada a gaya masa. Na fahimci tausayin, amma mara lafiyar da bai san dalilin da ya sa muke tilasta masa tari da tashi tsaye ba, gani yake mugunta muke masa.

Malam Abban Khalifa, robar nan mai ƙwallaye ka fara zuƙarta tun yau, kada ka jira bayan aiki. Huhu yakan lafe bayan tiyata, kaki ya taru, daga nan sai ciwon huhu. Shi ya sa washegari ko jibi za mu sauko da kai daga gado mu zaunar da kai a kujera ko kana hararmu. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin uku zuciyarsa takan rikice da bugu ba tsari, yawanci a rana ta biyu ko ta uku. Idan ya same ka ka faɗa nan take, amma kada ka ɗauka aikin ne ya lalace. Sananne ne, akwai maganinsa.

Ummu_Sadiq:
Anti Binta, ki ƙara da maganar ruɗewa don Allah, ita ce ba wanda ya taɓa ambata mana. Mahaifiyata a dare na biyu ta fara cewa ga mutane nan sanye da farare a jikin bango, wai nas-nas ɗin suna ƙulla yadda za su sayar da ita. Matar da ko ɗaga murya ba ta yi, ta zagi yayana tas. Nan take dangi suka rabu biyu: wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne. Gwaggona har ta shigo da rubutu a gorar ruwa ta ɓoye a zani.

Sai da wani ƙaramin likita ya zaunar da mu a baranda ya ce wannan abu ne da ke faruwa da masu tiyatar zuciya, musamman tsofaffi: ga maganin barci, ga rashin barci, ga fitila da ƙarar na'urori dare da rana. Ya ce mu kawo mata tabaraunta da carbinta, mu riƙa gaya mata ranar da ake ciki da inda take. Kwana uku ta dawo hayyacinta. Abin da ya fi ba ni tausayi, tana tuna wasu abubuwan, ta yi wata biyu tana jin kunyar yayana.

Nas_Binta:
Gaskiyarki. Wannan kam 'yan jinya ya kamata a fi yi wa bayaninsa, don su ne ke gani.

Sani_Kofar_Ruwa:
Tambaya, ku yi haƙuri na ɗan kauce. Da gaske ne wani bawul ɗin daga alade ake ciro shi?

Likitan_Kauye:
Da gaske ne. Iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, shi yakan daɗe har ƙarshen rayuwa, amma sai an sha maganin tsinka jini, warfarin, kullum ba fashi. Akwai na tsokar dabba, wani daga bawul ɗin alade, wani daga tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Shi galibi ba ya buƙatar warfarin na dindindin, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matasa ya fi saurin lalacewa, sai an sake wani aikin. Shi ya sa mai shekara 43 yawanci na ƙarfe ake ba shi shawara. Ni ba likitan zuciya ba ne, amma masu bawul suna zuwa wurina bayan an sallamo su, kuma da yawa ba su san ma wane iri ne a ƙirjinsu ba.

Malam_Tukur:
Kan na alade, malaman da na tambaya lokacin jinyar ɗan'uwana sun ce inda larura ta kama kuma babu madadi, ya halatta. Amma tunda akwai na saniya, mutum ya tambaya kafin a shiga da shi. Ba bayan an rufe ƙirji a zo ana waswasi ba.

Abban_Khalifa:
Na ƙarfe suka ce za su sa mini. Na gode ƙwarai, ina karantawa ina rubutawa a bayan takardar tasu. Hajiya Maman Ilham, an ce yana ƙara. Har wani na kusa yana ji?

Maman_Ilham:
Yana ji mana! Ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar agogon bango. An gaya mini "za ki ɗan riƙa jin sauti". Daren farko a gida, da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ban runtsa ba. Ina lissafa shi, idan na ga kamar ya yi jinkiri sai gabana ya faɗi. A sahun tarawihi wata tsohuwa ta taɓa ni ta ce, "'Yar nan, agogonki ya cika ƙara." Yanzu kam na saba, autana ma sai ya ɗora kai a ƙirjina yake barci.

Amma ni ba ƙarar ce ta wahalar da ni ba, warfarin ne. Takardar da aka ba ni ta lissafo ganyayen Turawa da ban taɓa gani ba. Ba ta ambaci kuka, ko zogale, ko rama, ko yakuwa ba. Sai wata maƙwabciya ta ce duk wani ganye haramun ne gare ni. Na yi wata huɗu daga miyar tumatir sai miyar tumatir. Ranar suna na kasa daurewa na ci kwaɗon zogale kwano guda, na ci gaba da ci kwana uku, da aka gwada jini lambar ta faɗi ƙasa.

Mai_Kemis_Gusau:
Nan ne ake yawan kuskure. Ba hana cin ganye ake yi ba. Ganye kore yana da sinadarin bitamin K, shi kuma yana rage ƙarfin warfarin. Abin da ake so shi ne ka riƙa ci daidai wa daida, yadda ka saba, sai a daidaita maka ƙwayar a kan haka. Abin da ke ɓata lissafi shi ne wata huɗu babu, sannan kwano guda rana ɗaya.

Gwajin da ke auna yadda jini ya tsinke sunansa INR. Mai bawul ɗin ƙarfe a mitral galibi tsakanin 2.5 da 3.5 ake so ya zauna, amma likitanka ne zai yanke maka naka. Ya yi ƙasa, jini na iya daskarewa a kan bawul ɗin ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ya yi sama, sai zubar jini.

Abin da ya fi ganye ba ni tsoro shi ne abin da ake saya a kanti irin nawa ba tare da an faɗi cewa ana shan warfarin ba. Flagyl da Septrin suna harba INR sama. Diclofenac da ibuprofen da mutane ke sha don ciwon jiki suna iya jawo zubar jini a ciki. Ga jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ƙaho kuma, da cire haƙori, kada a yi sai likita ya sani. Malam, kafin ranar aikin ka binciko inda ake gwajin INR kusa da gidanka da nawa ake biya, don a makonnin farko akai-akai za ka riƙa yi.

Yar_Katsina22:
Ni ina shekara 19 aka sa mini na ƙarfe, ban yi aure ba lokacin. Babana ne ya sa hannu. Ba wanda ya ce mana komai game da haihuwa. Sai da na yi aure na samu ciki, na je awo da wata biyu, likitar ta ga warfarin a katina ta dafe kai. A ranar na fara jin cewa maganin yana iya illata jariri a watannin farko, kuma kamata ya yi tun kafin cikin a zauna a tsara yadda za a yi, wasu ma a kan mayar da su kan allura na wani lokaci. Cikin bai zauna ba. Ban ce lallai maganin ne ba, Allah ne masani. Amma har yau ina jin ciwon cewa an yi mini bayanin yadda zan wanke ɗinki, ba a yi mini wannan ba. Ko kunyar babana suka ji, oho.

Ummu_Sadiq:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah ya ba ki mai albarka.

Nas_Binta:
Amin. Wannan babu uzuri a cikinsa. Duk yarinyar da za a canza wa bawul, maganar haihuwa tana cikin abin da ake dubawa kafin a zaɓi iri, kuma da ita ya kamata a yi.

Abu_Maiwurno:
Gaisuwa daga Sudan. Mu nan wanda ya kamu da irin wannan ciwo, sunan da kowa ke ambata shi ne cibiyar Salam da ke Soba, kudu da Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, aikin kuma kyauta ne. Suna da sashe na musamman na bin masu shan warfarin. Ƙanwata ta samu aiki can kafin yaƙin 2023. Abin da ba takardar da ta taɓa hasashe shi ne ranar da hanya za ta rufe, ƙwaya ta kusa ƙarewa, wurin gwaji ya yi nisa. Duk mai bawul ɗin ƙarfe ya riƙa ajiye maganin gaba, kada ya jira sai saura ƙwaya biyu.

Dan_Sabongari:
Shi ya sa ni nake cewa in da hali a fita waje kawai. A nan gida yaushe ma aka fara?

Likitan_Kauye:
Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Ba sabon abu ba ne, sai dai ya sha tsayawa da tashi. Kuma ka karanta abin da Baffa ya rubuta a sama, a Indiya aka yi masa, da "babu damuwa, Alhaji" ya dawo. Wanda aka yi wa a waje, ranar da ɗinki ya fara ruwa yana Funtuwa ko Azare, wa zai kira?

Baffa_Direba:
Likita ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Amma mu koma kan tambayar yaron nan. Takardarsu ta ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, kada a yi tuƙi sai bayan mako shida. Ba ta ce komai kan salla ba. Na dawo gida na kabbara, na tafi sujada, na dafa ƙasa zan tashi, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙirji. Dafa hannu ka ɗaga jikinka ai ya fi kilo biyar nesa ba kusa ba. Daga ranar a kujera na yi salla har wata biyu. Haka tashi daga tabarma, haka banɗakin tsuguno, haka bayan babur a hanyar unguwarmu mai ramuka.

Akwai kuma wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A mako na uku na fara kuka haka kawai. Ni da na yi shekara talatin ina jan tirela daga Kano zuwa Legas, ina zaune jikata ta kawo mini ruwa sai hawaye. Abinci ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa don rigingine kawai ake kwanciya, in karanta abu in manta. Na ɗauka ƙarshena ne ya zo ake ɓoye mini. Sai da na koma ganin likita ya ce da yawa suna shiga wannan ƙuncin, yakan wuce, in bai wuce ba akwai taimako. Na ce to me ya hana ku faɗa tun farko?

Maman_Ilham:
Baffa, ni ma na yi kukan nan. Na mata kuma a ƙara da daka, da jan guga, da wanki, da goyo. Ina da yaro ɗan shekara biyu lokacin, yana miƙo hannu in ɗauke shi ba hali. Sai masu dubiya: ɗaki ya cika maƙil, wannan na tari, wancan na son ganin ɗinki, kai kuma kunya ta hana ka ce ka gaji. Malam, ka naɗa mutum ɗaya mara kunya a gidanku ya tsaya a ƙofa.

Bako_Mai_Shiru:
Tunda ba a san ni ba bari in faɗi wadda kowa ke kewayewa. Maganar iyali. Ba a gaya mini ba, ni ma ban iya tambaya ba, na yi wata biyar ina tsoro. Ashe amsar gajeriya ce: in ƙashi ya haɗe, kana iya hawa bene hawa biyu ba haki, galibi ba matsala, sai dai kada nauyi ya hau ƙirji. Ka tambaya, ba za su yi mamaki ba.

Abban_Khalifa:
Jama'a na koma asibitin yau, wannan karon da maiɗakina maimakon ƙanena, da tambaya goma sha huɗu a rubuce. Likitan ya amsa tara, aka kira shi tiyata. Ya tura ni wurin likitan haƙori kafin aikin, wai ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta ta kama sabon bawul, wannan ma ba ya cikin bayanin farko. Kan salla ya yi shiru ya ce ba a taɓa tambayarsa ba, amma kujera ta fi. INR kuma sai na yi tafiyar awa ɗaya da rabi kafin in samu inda ake yi, wannan ne ya tsaya mini a rai yanzu.

@Dan_Sabongari, ban ce ba ka da gaskiya gaba ɗaya ba. Daren jiya bayan na karanta na Ummu Sadiq ban yi barci ba. Amma na riga na gaya wa maiɗakina, in ta ji na zagi wani a ICU kada ta kira mai ruƙiyya tukuna.

Azumi fa? Akwai wanda yake yi da warfarin?

Mai_Kemis_Gusau:
Akwai masu yi, tunda sau ɗaya ake sha a rana, sai a mayar da shi bayan shan ruwa. Amma cimar azumi takan canza lambar, don haka a gwada kafin a fara da kuma a tsakiya. Na shekarar farko bayan aiki kam, likitanka ne zai ce ka yi ko ka bari.

Baffa_Direba:
Ka sa wannan cikin biyar ɗin da suka rage. Kuma ka tafi da riguna masu maɓalli a gaba. Ni kaftani uku na kai Indiya, ko ɗaya ban iya ɗaga hannu na zura ba, da rigar asibiti na yi ta yawo har ɗana ya fita kasuwa ya sayo mini shat.